Me ya sa ake gina masai a gida amma wasu mutanen gidan ba sa shigarsa?

Malam_Habu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambayar da ta daɗe tana damuna, kuma na san a cikinmu akwai ma'aikatan lafiya da magina da iyaye mata waɗanda suka fi ni sanin wannan al'amari. Duk lokacin da aka tashi maganar yin bayan gida a fili a karkara, abin da ake fara faɗa shi ne mutane ba su da masai, saboda haka a gina musu a huta. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suke fitarwa tare sun nuna cewa a shekarar 2000 mutanen da ke yin bahaya a fili sun kai kimanin biliyan 1.3, kuma zuwa 2022 sun ragu zuwa miliyan 419, mafi yawansu mazauna karkara. Wannan ci gaba ne babba, ba na musunsa. Sai dai irin wannan ƙidaya gida take tambaya, ba ta bin kowane mutum ta ga inda yake zuwa da asuba, da inda yaro yake tsugunawa da dare, da abin da ake yi idan an tafi gona.

Abin da idona ke gani shi ne gida yana da masai, amma yara na yi a bayan katanga, maza na nufar jeji, tsofaffi kuma suna da nasu wurin. Ni a ganina yawancin waɗannan mutane ba jahilci ba ne ya hana su, kuma ba taurin kai ba ne. Masai ɗin ne da kansa yake korarsu, da warinsa da duhunsa da tsoron ruftawarsa. Ina so a gyara mini idan akwai abin da ban hango ba.

Uwar_Biyu:
Wa alaikumus salam. Malam Habu, ka taɓo inda yake yi mana ƙaiƙayi mu iyaye mata. Babu uwar da za ta tura yaron da bai wuce shekara uku ba ya tsuguna a kan ramin da bakinsa ya fi faɗin ƙugunsa, ga ƙasar gefen bakin tana marmashewa, ga kyankyasai na fitowa da zarar an haska fitila. Na taɓa ganin yarinya ta tsaya a ƙofar masai tana riƙe da zanin uwarta tana kuka, cikinta na murɗawa, amma ta ƙi ɗaga ƙafa ta shiga, saboda abin da take hange a ciki duhu ne kawai da ƙarar ƙudaje. Uwar ba ta da zaɓi sai ta kai ta gefen katanga. Wanda ya zo wucewa zai ce uwar ƙazama ce, alhali tsoron kada 'yarta ta faɗa rami ne ya sa ta yin haka.

Sannan akwai batun dare. Idan masai yana can nesa da ɗakunan kwana, ba ƙofa, ba haske, ga fargabar maciji da kunama, ga fargabar wanda zai iya laɓewa, mace ba za ta fita ita kaɗai ba. Mata da yawa suna rage shan ruwa tun da yamma don kada buƙata ta tashe su, kuma wannan ma cuta ce da ba a cika ƙidaya ta ba.

Tsohon_Dubagari:
Malam Habu, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Na yi aikin duba tsafta shekaru masu yawa, kuma na shiga gidajen da aka yi musu masai na siminti mai kyau, da rufi da ƙofa, na tarar an cika shi da itacen girki ko an mai da shi ɗakin kaji. Wannan ba wari ba ne ya kori masu shi, domin ba a taɓa amfani da shi ba balle ya yi wari. Sabo ne. Mutumin da ya tashi tun yana yaro yana fita jeji da sassafe, yana shan iska, yana ganin wannan ita ce tsafta, shi kuwa tara najasa a cikin gida ita ce ƙazanta. Idan ba ka sauya wannan tunani ba, ko da tayil ka liƙa masa ba zai shiga ba.

Indiya ta ƙaddamar da babban shirinta na tsafta a ranar 2 ga Oktoba 2014, gwamnati ta ce an gina bandakuna kimanin miliyan 100 a cikin shekara biyar, kuma a 2019 aka ayyana cewa karkarar ƙasar ta rabu da bahaya a fili. Duk da haka binciken da masana masu zaman kansu suka yi ya samu cewa a gidaje da dama masu bandaki akwai wanda har yanzu yake fita waje, kuma maza sun fi mata yin hakan.

Magini_Isa:
Baba Dubagari, da girmamawa, abin da ka faɗa yana faruwa, amma bari in yi magana a matsayina na wanda ake kira bayan ɓarna ta auku. Yawancin gidajen da suka koma jeji sun taɓa yin masai da hannunsu, damina ta zo ta rusa shi. Mutum ya haƙa, ya rufta, ya sake haƙawa, ya sake ruftawa, to a karo na uku sai ya haƙura, kuma ba za ka zarge shi ba.

Kurakuran da nake gani iri ɗaya ne kusan ko'ina. Ana haƙa rami mai kusurwa huɗu kuma mai faɗi, alhali rami zagayayye ya fi jure matsin ƙasa, kuma faɗin mita ɗaya zuwa mita ɗaya da rabi ya wadatar. Ana barin bakin ramin ba a ɗaure shi ba, alhali aƙalla rabin mita na sama yana buƙatar a gine shi da bulo ko dutse a liƙe da siminti, domin nan ne ƙasa ta fi laushi kuma nan ne nauyin daɓe yake sauka. Idan ƙasar yashi ce, to dole a ɗaure ramin tun daga gindi, amma a riƙa barin 'yan kafofi tsakanin bulo a ɓangaren ƙasa don ruwa ya riƙa tsotsewa, kuma kada a daɓe gindin ramin da siminti. Sai kuma babban abin da ke kashe masai, wato ruwan sama da ke gangarowa ya shiga ta gefen daɓe. Idan aka ɗaga daɓen ya ɗara ƙasa da kamar taƙi ɗaya, aka tara ƙasar da aka haƙo a kewaye aka daddale ta, aka kuma yi rufi, an magance rabin matsalar.

Game da itace kuwa, masu shimfiɗa shi a bakin rami su rufe da ƙasa su sani cewa gara da laima suna cinsa daga ƙasa, inda ido ba ya gani. Sama lafiya lau, ciki ya ruɓe. Wanda ba shi da halin rodi, akwai daɓen siminti mai ɗan tudu kamar kifaffen faranti wanda aka fara yaɗa shi a Mozambik, siffarsa ce ke ɗaukar nauyi ba ƙarfe ba. Sharaɗinsa shi ne a riƙa jiƙa shi da ruwa aƙalla mako guda bayan an zuba shi, a kuma gwada shi da nauyin mutane da yawa tun yana ƙasa, kafin a ɗora shi a kan rami.

Ɗan_Makaranta:
Ina da tambaya ga masana. Wasu suna cewa a rufe bakin masai da murfi, wasu kuma suna cewa a bar shi a buɗe don ya sha iska. Wanne ne daidai? Mun sa bututu a namu, mun kuma yi masa murfi, amma warin bai ragu ba.

Injiniya_Sadiya:
Ƙanena Ɗan Makaranta, duka maganganun biyu daidai ne, sai dai kowace da irin masai ɗin da ta dace da shi, kuma haɗa su wuri ɗaya ne ya ba ku matsala. Masai na gargajiya wanda ba shi da bututu yana buƙatar murfi mai kama baki sosai, mai dogon mariƙi, a mayar da shi duk lokacin da aka gama, domin shi ne kaɗai ke hana ƙudaje shiga su yi ƙwai. Zuba ɗan toka bayan an gama yana busar da saman abin da ke ciki, yana kuma rage wari ƙwarai.

Masai mai bututu kuwa aikinsa daban ne. An ƙirƙiro shi a cibiyar bincike ta Blair da ke Zimbabuwe a shekarun 1970, kuma Peter Morgan ne ya jagoranci aikin. Iskar da ke kaɗawa a saman bututun tana zuƙo iskar cikin rami ta fitar da ita sama, ita kuma sabuwar iska tana shigowa ta ƙofa ta gangara ta bakin masai. Idan ka toshe bakin da murfi, ka datse hanyar iskar ke nan, bututun ya zama ado. Dole bututun ya zama miƙaƙƙe ba lanƙwasa, faɗinsa kada ya gaza santimita 11, gwamma ma 15, kuma ya ɗara ƙololuwar rufi da rabin mita. Ƙofa ta fuskanci inda iska ta fi kaɗowa, kuma kada reshen bishiya ya rufe kan bututun.

Hikimar da ta fi burge ni a cikinsa ita ce ta kama ƙuda. Ƙudan da ya ƙyanƙyashe a cikin rami haske yake bi. Idan cikin ɗakin yana da ɗan duhu, hasken da ya fi ƙarfi a wurinsa shi ne na saman bututu, sai ya bi ya hau, ya tarar da raga a can, ya yi ta bugunta har ya mutu ya faɗo. Amma a nan ne maganar Uwar Biyu take dawowa, domin duhun da ke kama ƙuda shi ne dai duhun da ke tsorata yaro. Ba a ce a yi baƙin duhu ba, a dai tabbatar cikin ɗakin bai kai saman bututu haske ba.

Magini_Isa:
Injiniya ta yi bayani mai kyau. Abin da zan ƙara shi ne ragar. Iskar da ke fitowa daga rami tana cin ƙarfe, saboda haka ragar waya ta yau da kullum ba ta daɗewa take hujewa, daga nan bututun ya koma ƙofar fitar ƙudaje. A nemi ragar da ba ta tsatsa, a riƙa leƙa ta, a kuma zuba ruwa ta saman bututun jefi-jefi don ya wanke yanar gizo-gizo da ke toshe shi.

Nas_Hadiza:
Ina so in koma kan yara, domin a nan ne nake ganin sakamakon a ɗakin jinya. Akwai fahimtar da ta zama ruwan dare cewa kashin jariri ba shi da illa, shi ya sa ake wanke shi a tsakar gida ko a watsa shi a bola. Gaskiyar ita ce kashin ƙaramin yaro yakan ɗauki ƙwayoyin cuta masu yawa, domin yara ne suka fi kamuwa da gudawa da tsutsar ciki, kuma a daidai inda suke rarrafe suna kai hannu baki ne ake zubar da shi. Gidan da manya ke shiga masai amma kashin yara na zube a fili, an yi kitso da ƙwarƙwata. Maganin wannan shi ne fo. Yaro ya yi a fo, a juye a masai nan take, a wanke fo ɗin a zuba ruwan wankin a masai, sannan uwa ta wanke hannunta da na yaron da sabulu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gudawa tana kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 400,000 a duk shekara. Kwalara da taifod da atini da shan-inna da wasu nau'o'in ciwon hanta masu sa shawara duk hanyarsu ɗaya, daga najasa zuwa baki, ta ruwa ko yatsu ko ƙudaje ko ƙasa. Akwai tsutsar da ba ta ma buƙatar baki, tana huda fatar ƙafar wanda ya taka gurɓatacciyar ƙasa ba takalmi, ta je ta maƙale a hanji tana shan jini, har ka ga mai juna biyu ta yi fari fat ba a san dalili ba. Akwai kuma nau'in ƙudan da ke sauka a idon yara yana yaɗa ciwon idon da kan kai ga makanta, wanda ya fi son hayayyafa a kan kashin da aka bari a fili, ba a cikin ramin masai ba.

Abu na ƙarshe, mata da yawa suna gaya mini cewa suna gudun masai ne saboda tururin da ke tasowa daga ciki, wai shi ke sa musu ciwon sanyi. Tururin yana da ƙyama, amma ba shi ne ke haddasa wannan ciwo ba. Riƙe fitsari na tsawon sa'o'i ya fi shi hatsari ga mafitsara.

Manomi_Ado:
Duk kuna magana a kan gida, amma manomi da damina wuninsa a gona yake yi, wani lokaci gonar na da tafiyar sa'a guda ko fiye. Babu wanda zai ajiye fartanya ya dawo gida don ya zaga. Abin da nake yi, kuma nake koya wa yarana, shi ne a haƙa ɗan rami da fartanya nesa da rafi da hanyar ruwa, a yi a ciki, a rufe da ƙasa. Ko wannan ya wadatar? Na kuma ji ana cewa akwai masai da ake shuka bishiya a kansa idan ya cika.

Injiniya_Sadiya:
Malam Ado, binnewa ta fi bari a fili nesa ba kusa ba, domin tana hana ƙudaje da kaji da dabbobi kaiwa gare shi, tana kuma rage abin da ruwan sama zai kwashe. Sai dai ba ta hana tsutsar da Nas Hadiza ta ambata, wadda 'ya'yanta ke iya haurowa ta cikin ƙasa mai laima idan ramin bai yi zurfi ba, don haka takalmi yana da muhimmanci. Fitsari ma kada a yi shi a rafi ko tafki, domin ta nan tsargiya ke yaɗuwa.

Masai mai bishiya da ka ji labari gaskiya ne, kuma ya dace da gona sosai. Rami ne marar zurfi, kamar mita ɗaya, da daɓe marar nauyi da ɗan shinge da za a iya ɗagawa. Duk wanda ya gama sai ya zuba ƙasa da toka. Idan ya kusa cika a matsar da daɓen zuwa sabon rami, a cike tsohon da ƙasa mai kyau a dasa bishiya. Ba wanda zai taɓa najasa da hannu.

Tunda an zo maganar ruwa, bari in yi gargaɗi game da rijiya, domin masai da aka haƙa a wurin da bai dace ba yana iya fin jeji illa. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya, masai ya kasance a gangare ba a tudu ba, kuma gindin ramin ya ɗara matakin ruwan ƙarƙashin ƙasa da aƙalla mita 1.5, a auna da lokacin da ruwa ya fi tasowa, wato ƙarshen damina. A 1854 likita John Snow ya bi sawun annobar kwalara a wata unguwa ta Landan har zuwa famfon rijiya ɗaya, daga baya aka gano cewa ramin najasar wani gida yana dab da rijiyar yana tsiyaya a cikinta. Mutane fiye da 600 ne suka mutu a wannan annoba.

Mai_Nazari:
Akwai wani abu da ya kamata mu sani, ko da ba zai yi daɗin ji ba. An yi wani babban gwaji a ƙauyuka 100 na jihar Odisha ta Indiya, aka wallafa sakamakonsa a 2014. A ƙauyukan da aka yi aikin, gidaje masu bandaki sun tashi daga kashi 9 cikin ɗari zuwa kashi 63, amma gudawar yara ba ta ragu ba, tsutsar ciki ma haka. Masu binciken sun lura cewa bandakuna da yawa ba sa aiki ko ba a amfani da su yadda ya kamata. A Mali kuma an yi wani gwajin da aka wallafa a 2015, inda ba a gina wa kowa masai ba, an dai zaburar da mutanen ƙauye su gina da kansu. A can ma ba a ga bambanci a yawan gudawa ba, amma yaran ƙauyukan da aka yi aikin sun fi girma, tsumburewa ta ragu.

Abin da na fahimta daga waɗannan shi ne amfanin masai ba na mai shi kaɗai ba ne, kuma illar rashinsa ba ta tsaya a kan marar shi ba. Ƙudan da ya tashi daga bayan gidan maƙwabcinka bai san iyakar katanga ba. Idan kashi uku cikin goma na mutanen ƙauye suna yi a fili, yaran sauran bakwai ɗin suna shan ruwa ɗaya da su, suna wasa a ƙasa ɗaya. Saboda haka tambayar Malam Habu ita ce ainihin tambayar, domin lafiya ba ta zuwa sai kusan kowa yana amfani da masai, a kowane lokaci.

Tsohon_Dubagari:
Mai Nazari, gwajin Mali da ka kawo yana ƙarfafa abin da na faɗa tun farko. Wannan hanya wani masani ɗan Indiya mai suna Kamal Kar ne ya fara ta a Bangaladesh wajen shekarar 2000. Ba a ba kowa siminti. Ana tara mutanen ƙauye su zagaya tare su ga wuraren da ake bahaya, su zana taswirar garinsu a ƙasa su nuna inda kowa ke zuwa, su lissafa da bakinsu yawan najasar da ake zubarwa a shekara, sannan a tambaye su ina take tafiya idan an yi ruwa. Na halarci irin wannan taro. Mai jagorancin ya ɗebo ruwan sha a kofi, ya taɓa sili ɗaya na gashi a kan najasa ya tsoma a ciki, ya miƙa wa jama'a. Ruwan garau yake, amma kowa ya kau da kai. Sai ya tambaye su ƙafa nawa ƙuda yake da su, kuma a kan me yake sauka kafin ya zo kan abincinsu. Wurin ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan wata dattijuwa ta miƙe ta ce ita gobe za ta fara haƙa. Abin da mutum ya gina da guminsa bayan ya gamsu ba ya mai da shi ɗakin kaji.

Hajiya_Mairo:
Malam Dubagari, ban musa cewa hanyar tana tayar da mutane ba, amma ina da ja a kanta. Ramukan da ake haƙawa cikin gaggawa bayan irin wannan taro su ne dai waɗanda Magini Isa ya ce damina na rusawa, kuma bayan an yi bikin ayyana ƙauye a matsayin wanda ya rabu da bahaya a fili, ba kasafai ake dawowa a duba ba. Sannan kunyatarwa a kan talaka take sauka. Matar da mijinta ya rasu ya bar ta da ƙananan yara, wa zai haƙa mata rami mai zurfin mita uku? Makaho fa, ko gurgu, ko wanda gidansa ke kan dutse? Idan aka sa yara su riƙa yi musu ihu ko aka ci su tara, an ƙara musu wulaƙanci a kan talauci. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince tun 2010 cewa samun ruwa mai tsafta da wurin zagawa haƙƙi ne na ɗan Adam. Ni ina ganin a zaburar da jama'a, amma a ware marasa ƙarfi a taimaka musu da daɓe da aikin haƙa.

Baba_Dattijo:
'Yata Hajiya Mairo, Allah ya yi miki albarka da kika tuna da mu. Ni gwiwoyina sun daina yarda da tsuguno, kuma idan na tsuguna tashi sai da taimako. Dattijo ba zai kira jikansa ya ɗaga shi daga kan masai ba, gara ya lallaba inda akwai kututture ko bangon da zai dafa. 'Ya'yana sun kafa mini sanduna biyu masu ƙarfi a gefe da gefe, suka sa kujerar katako da aka huda tsakiyarta a kan bakin ramin, suka kuma share hanyar suka cire duwatsu. Tun daga ranar ban sake neman wani wuri ba. Ku riƙa tambayar tsofaffinku a asirce, domin ba za su faɗa a gaban jama'a ba.

Uwar_Biyu:
Baba, mun gode da wannan. Akwai kuma abin da ba a taɓo ba, wato wa ke wanke masai. A yawancin gidaje an bar wa mace ɗaya, ita ce kuma mai ɗebo ruwa daga nesa. Idan ruwan da ta ɗauko a ka bai isa sha da girki ba, ba za ta zuba shi a daɓen masai ba, kuma ba za a samu na wanke hannu ba. Shi ya sa nake ganin masai mai buƙatar a kora da ruwa bai dace da inda ruwa ke wahala ba, komai kyansa. Mu abin da ya taimake mu shi ne jarka da aka huda aka rataye a ƙofar masai, da igiya da sanda da ake takawa da ƙafa ta karkato, sabulu kuma na rataye a gefe. Ruwa kaɗan take ci, kuma yara suna son taka ta. An ce wanke hannu da sabulu yana rage gudawa da kusan kashi 30 cikin ɗari, Nas Hadiza za ta tabbatar mana.

Nas_Hadiza:
Haka ne, 'yar'uwa, kuma lokutan da suka fi muhimmanci su ne bayan an zaga, bayan an yi wa yaro tsarki, kafin a taɓa abinci da kafin a ba yaro. Inda babu sabulu, toka ta fi ruwa zalla.

Ɗan_Makaranta:
Na cire murfin kamar yadda Injiniya ta ce, na kuma ga bututunmu bai kai tsayin rufi ba, za mu ƙara shi. Wata tambayar ita ce, idan rami ya cika fa? Na ji wasu iyaye suna hana yara shiga don kada ya cika da wuri, wasu kuma suna zuba kananzir ko baƙin mai wai yana sa ya lotsa.

Injiniya_Sadiya:
Tsoron cikar rami dalili ne na gaske, kuma masu bincike a Indiya sun same shi a cikin manyan dalilan da ke sa a bar wa mata bandaki maza su fita waje. Amma rami ba ya cika da saurin da ake zato, domin abin da ke ciki yana ruɓewa, ruwansa na tsotsewa. A lissafin injiniyoyi, mutum ɗaya yana tara lita 40 zuwa 60 a shekara, ya kai 90 idan ana jefa abubuwa masu tauri. Gida mai mutum 8 ke nan bai cika wuce lita 500 a shekara ba, don haka rami mai faɗin mita 1.2 da zurfin mita 3 zai kai su kusan shekara 6. Abin da ke cika shi da wuri shara ce, leda da tsumma da kwalabe da ƙunzugun zamani.

Kada a zuba kananzir ko baƙin mai ko maganin ƙwari. Suna kashe ƙananan halittun da ke ruɓar da najasar, suna gurɓata ruwan ƙasa, kuma ashana ɗaya na iya tayar da gobara. Idan ya rage rabin mita ya cika, a daina amfani da shi a cike da ƙasa. Wanda yake da fili ya yi ramuka biyu yana juyawa a tsakaninsu, irin tsarin da ƙungiyar Sulabh ta yaɗa a Indiya tun daga 1970. Ramin da aka rufe ya shekara 2 ana iya kwashe shi, domin ƙwan tsutsar ciki yana da taurin rai kuma sai ya daɗe haka yake mutuwa. Ramin da najasar cikinsa ba ta gama ruɓewa ba kuwa kada kowa ya shiga cikinsa, iskar da ke ciki tana sumar da mutum cikin ɗan lokaci, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa.

Malam_Habu:
Na karanta duk abin da aka rubuta, na gode ƙwarai. Har yanzu ina kan ra'ayina cewa yawancin masu gudun masai suna da dalilin da za a iya gyarawa da bulo da raga da sanda da fo, kuma bayanin Baba Dattijo ya ƙara mini ƙarfi. Amma Baba Dubagari, masai mai kyau da ka tarar cike da itace yana nan a raina. Wanda ba wari ya kore shi ba, ba tsoro ba, ba gwiwa ba, shi da me za a shawo kansa, idan kuma ba a so a kunyata shi kamar yadda Hajiya ta yi gargaɗi?

Tsohon_Dubagari:
A abin da na gani, irin wannan mutum ba ya jin maganar baƙo mai riƙe da takarda. Yana jin maganar abokinsa da suke fita tare, da ta matarsa, da ta ɗansa da ya dawo daga makarantar da ke da bandaki mai tsafta ya ƙi bin sa jeji. Kuma sai an yi ta komawa, musamman bayan damina ta farko, lokacin da ramuka ke ruftawa.

Hajiya_Mairo:
To wa zai riƙa komawar, Malam? Ma'aikacin da aka turo wa'adin aikinsa ƙarewa yake yi. Ina so Magini Isa ya gaya mana ko zai yiwu a koya wa matasa biyu ko uku a kowane ƙauye zuba daɓe da ɗaure bakin rami, domin idan masai ya rufta a samu mai gyara shi a kusa kafin mutanen gidan su sake sabawa da jeji.